Yadda Ake Horar da Limamai da Malamai Kan Sauraron Masu Damuwa da Ba Su Shawara a Sakkwato

A Sakkwato, kafin kukan mutum ya kai gaban alƙali ko likita, liman ne yake fara jin sa. Matar da aure ya yi wa zafi, uban da ɗansa ya faɗa shaye-shaye, magidancin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa a Isa ko Sabon Birni ya shigo gari yana raɓe a kango, duk ƙofar malam suke fara zuwa, wasu bayan sallar asuba, wasu tsakanin magariba da lisha. Malamin nan ya yi karatu. Ya bi littattafan fiƙihu tun daga Ahalari da Ishmawi har Risala da Askari, ya san hukuncin saki da idda da gado. Amma zama da mutumin da zuciyarsa ta karye, a saurare shi har ya amayar da abin da ke cin sa, a kuma gane lokacin da matsala ta fi ƙarfin zaure ta zama ta asibiti, wannan fanni ne mai zaman kansa, kuma da wuya ka ga inda aka zaunar da malamanmu aka koya musu shi.

Ana iya koyar da shi, kuma ba sai da kuɗi masu yawa ba. Kwamitin masallaci, ƙungiyar addini, makarantar Islamiyya ko hakimin da ya damu da jama'arsa, kowannensu zai iya shirya wannan horo. Sharaɗin dai shi ne a gane tun farko cewa malamai ba ƙarin lacca suke buƙata ba. Ayoyi da hadisan haƙuri suna kansu. Abin da za a horar da su a kai shi ne kunne, da riƙon amana, da sanin inda aikinsu ya tsaya.

Zaɓen waɗanda za a horar

A nan ne shiri yakan lalace tun ba a fara ba. Idan aka aika takarda masallatan Juma'a cewa kowa ya turo wakili, wanda ya fi kusa da shugaban kwamiti za a turo, ko wanda aka ga yana buƙatar kuɗin zama. Gara ku taka da ƙafarku cikin unguwa, Mabera ce ko Runjin Sambo ko Gidan Igwai, ku yi wa dattawa da samari da mata tambaya ɗaya: idan abu ya dame ku, wurin wa kuke zuwa? Sunayen da za ku ji suna ta maimaituwa su ne mutanenku. Wani lokaci babban liman ne, wani lokaci na'ibinsa, wani lokaci kuma malamin zaure ne da bai taɓa hawa mumbari ba. Wanda aka san shi da sakin baki ko saurin fushi a bar shi tukuna, komai yawan karatunsa.

Kada aji ya wuce mutum 12 zuwa 15, domin horon na gwaji ne, kowa sai ya yi da bakinsa. A haɗa 'yan ɗariƙa da 'yan Izala da sauransu idan hali ya yi, amma a yi alkawari ranar farko cewa ba mas'alolin saɓani aka zo tattaunawa ba. Kafin komai kuma a je a gai da uban ƙasa da manyan malaman yankin, a gaya musu abin da ake nufi, a nemi albarkarsu. Malami ba zai saki jiki da karatun da malaminsa bai sani ba.

Sai batun mata, wanda ni a ganina rabin aikin ke nan. Akwai maganar da mace ba za ta taɓa faɗa wa liman ba ko da zai shekara yana tambaya: abin da ya shafi shimfiɗa, ko duka, ko halin da ta shiga bayan haihuwa. Malama 'yar'uwarta za ta gaya wa. Kuma mu a Sakkwato wannan ba baƙon abu ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta horar da jajis, dattawan mata da take naɗa wa malfa, suna jagorantar 'Yan Taru, wato rukunin mata masu neman ilimi, daga ƙauyuka, suna ɗaukar karatu a wurinta su mayar wa matan da ba za su iya fitowa ba. Don haka a buɗe ajin malamai mata daban, da mai koyarwa mace, a nemi haɗin kan makarantun matan aure da ƙungiyoyin mata Musulmi irin su FOMWAN. Darasin iri ɗaya ne da na maza.

Lokaci, wuri da masu koyarwa

Ku guji damina, domin limaman ƙauye manoma ne. Ku guji watan azumi, tafsiri ya ɗauke kowa. Zafin Afrilu da Mayu kuwa ba ya barin mutum ya tattara hankali. Bayan kaka, lokacin sanyi, shi ya fi. Zama ɗaya a mako, daga hantsi zuwa azahar, har mako 8, ya fi taron kwana 3 a otal amfani nesa ba kusa ba, saboda tsakanin zama da zama malami zai koma unguwarsa ya gwada abin da ya koya, ya dawo da tambayoyi na gaske. Ajin Islamiyya da tabarmi ya isa. A tanadi kuɗin mota da abincin rana, a faɗi adadinsu tun farko don kada su zama abin magana.

Masu koyarwa uku ake so. Malamin fiƙihu wanda mahalarta ke jin nauyinsa, shi zai riƙe ɓangaren shari'a. Sai likita ko ma'aikacin jinya na ɓangaren ƙwaƙwalwa, daga Asibitin Masu Lalurar Ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Kware, ko daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Na uku wanda ya karanci fannin ba da shawara, irin waɗanda ake samu a tsangayoyin ilimi na jami'a da kwalejojin horar da malamai. Dukkansu su iya Hausa sosai, kuma su zauna su fahimci juna kafin ranar farko. Idan likita ya shigo yana yi wa ruƙiyya kallon raini, ko malami ya shigo yana cewa asibiti aikin banza ne, aji ya watse ke nan.

Zama na farko: a fara daga abin da suka sani

Kada a buɗe da sunayen masanan Turai. A buɗe da hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito cewa wanda aka nemi shawararsa abin amincewa ne. Daga nan a kawo ƙissar saurayin da ya zo wurin Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, yana neman a yi masa izinin zina, kamar yadda Imamu Ahmad ya ruwaito. Jama'a suka taso masa da tsawa. Annabi (SAW) ya ce ya matso kusa, ya zaunar da shi, ya shiga tambayarsa: za ka so a yi wa mahaifiyarka? 'Yarka fa? 'Yar'uwarka fa? Sai da saurayin ya kai ga amsar da bakinsa, sannan ya ɗora masa hannu ya yi masa addu'a. A bar malamai da kansu su ciro darussan: an kusanto da shi, an zaunar da shi, an yi tambaya kafin hukunci, addu'a ta zo a ƙarshe.

Sannan ƙissar Barira da Mugisu da ke cikin Buhari. Da aka 'yanta ta, ta zaɓi rabuwa da mijinta, shi kuwa yana bin ta a titunan Madina hawaye na zuba a gemunsa. Annabi (SAW) ya ce mata da ma ta koma masa. Ta ce, umartata kake yi? Ya ce a'a, ceto kawai nake yi. Ta ce ba ta da buƙatarsa, kuma aka ƙyale ta. Wannan ƙissa ita ce za ta taimaka a raba abubuwa uku da suka cakuɗe a hannun malamai da yawa: fatawa, wadda ke faɗin hukuncin Allah, wa'azi, wanda ake yi wa taro, da shawara, wadda ake yi da mutum ɗaya, kuma zaɓi yana hannunsa a ƙarshe. Wanda ya zo neman shawara aka yi masa wa'azi, zai yi godiya ya tashi, amma ba zai dawo ba.

Gwajin sauraro

Wannan shi ne ƙashin bayan horon, kuma ya cancanci zama biyu cur, sannan a riƙa maimaita shi rabin sa'a a kowane zama har a gama.

A raba aji uku-uku. Ɗaya ya zama mai damuwa, ɗaya liman, ɗaya mai lura. Masu koyarwa su rubuta gajerun labarai tun a gida, na irin matsalolin da aka saba gani, ba na wani sananne a unguwa ba, a miƙa wa mai damuwa shi kaɗai ya karanta. Minti 10 ake ba su. Doka ɗaya ce: a minti 5 na farko liman ba zai ja aya ba, ba zai kawo hadisi ba, ba zai ce a yi haƙuri ba. Tambaya kawai zai yi, ya saurara. Mai lura yana riƙe da takarda yana ƙirga sau nawa liman ya katse magana, wa ya fi yin magana a cikinsu, ko ya duba waya, ko ya fara shirya amsa tun mai magana bai dire ba. In an gama, mai damuwa ne zai fara faɗin yadda ya ji, sai mai lura, sannan a juya matsayi har kowa ya zauna a kujeru ukun.

A kula da girma wajen rabon. Dattijon malami ba zai yarda ya yi kuskure a gaban wanda ya yi karatu a zaurensa ba, shi ma ƙaramin ba zai iya cewa Malam ya katse ni sau shida ba. A haɗa sa'a da sa'a. Kuma masu koyarwa su fara yi a gaban kowa, sau biyu, don a ga bambanci.

Karo na farko, mace ta ce, "Allah shi gafarta Malam, ni dai na gaji da zaman gidan ga." Liman ya ce, "Ki yi hanƙuri ɗiyata, aure ibada na, kowace mace da kika gani hanƙuri takai." Ta ce to, ta gode. Magana ta mutu a nan, kuma babu ƙarya ko ɗaya a abin da ya faɗa.

Karo na biyu, ta faɗi wannan maganar dai. Liman ya ɗan yi shiru, ya ce, "Ina jin ki, ɗiyata. Tun yaushe kinka fara jin haka?" Ta ce tun bayan haihuwar nan. Ya ce, "Mi ya canza bayan haihuwar?" Ta ce ba ta barci, ko jaririn ya yi barci ita idonta biyu, abinci ba ya mata daɗi, wani lokaci sai ta ji kamar ta ajiye yaron ta bi hanya. A tambaya biyu kacal an tashi daga rikicin aure an isa ga abin da ke iya zama ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda ake magani a asibiti. Da an tsaya a karo na farko, da an mayar da marar lafiya gida da nasiha.

Dabarun da za a nanata ba su da yawa. Tambayar da ke buɗe baki, irin su yaya abin ya faru, me ya biyo baya, maimakon wadda amsarta i ko a'a ce. Mayar wa mutum maganarsa a taƙaice don ya tabbata an ji shi: "Wato abin da ya fi ci miki rai shi ne bai tambaye ki ba." Jure shiru, domin sau da yawa bayan shirun ne ainihin maganar ke fitowa, kuma malamai, da yake bakinsu ya saba da karantarwa, shirun nan ne ya fi ba su wuya. Sai tambayar me mutum ya riga ya gwada, da wa yake da shi a dangi da zai dafa masa. Zuciyar da ke cike da damuwa kamar tulu ce cike da ruwa, duk abin da ka zuba a kai ƙasa zai bi, sai an rage na ciki. Bayan an rage ne aya da addu'a ke samun wurin zama, kuma a lokacin malami zai san ayar da ta dace da wannan mutumin.

Amana da tsarin zama

Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A zaman da aka ware wa sirri, a faɗi hanyoyin da yake fita ba tare da malami ya yi niyya ba, don su ne suka fi yawa. Hira da uwargida da dare. Zama da abokai a majalisa, a ce wani ya zo mini jiya. Tura saƙon murya a WhatsApp ana neman ra'ayin wani malami tare da ambaton suna. Mafi muni kuma huɗuba. Na sha jin liman ya ɗauko matsalar da aka kawo masa ranar Talata ya yi huɗuba da ita ranar Juma'a, bai faɗi suna ba, amma ya ce wani ɗan kasuwa mai mata uku da ya dawo daga Umara, alhali duk sahun gaba sun san ko wane ne. Mutumin nan ba zai sake buɗe bakinsa ba, haka duk wanda ya gane abin da ya faru.

Sirri yana da iyaka, kuma a koya wa malami ya faɗe ta tun farkon zama: abin da ka gaya mini zai tsaya tsakaninmu, sai fa idan akwai barazana ga ranka ko ran wani, ko ana cutar da yaro, to a nan dole mu nemi taimako, kuma da saninka za a yi.

Wurin zama ya kasance inda ido ke gani amma kunne ba ya ji. Zaure mai buɗaɗɗiyar ƙofa, ko gefen harabar masallaci bayan an watse, almajirai su ja baya. Idan mace ce, ba a keɓewa da ita a rufe ƙofa. Ta zo da wadda ta yarda da ita ta zauna daga nesa kaɗan, ko a haɗa ta da malama. Malami ya sa wa kansa lokaci sananne, misali bayan la'asar kwana biyu a mako, kowane zama kada ya wuce minti 40. Idan zai rubuta wani abu don tunawa, ya sa lamba a madadin suna, littafin kuma ya zauna a akwati mai makulli. Kada ya karɓi kuɗi a kan shawara. Kada kuma ya nemi auren matar da ta kawo masa kukan aurenta; wannan magana ce mai nauyi, amma dole a faɗe ta a fili a cikin aji, kuma malamin fiƙihu ne ya kamata ya faɗa.

Alamomin da ke cewa a tafi asibiti

A nan likita zai karɓi aji, zama biyu. Ba a son malami ya zama likita. Ana son ya gane alama ya tura da wuri. Mutumin da ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, ya daina jin daɗin abin da ya saba so, barci da ci sun lalace, yana ganin kansa ba shi da amfani. Wanda ke jin muryoyin da babu mai jin su, ko ya tabbata ana bin sa za a kashe shi. Wanda ya yi kwanaki ba barci, yana ta surutu da rabon dukiyarsa. Mai jego da ta rikice a makonnin farko bayan haihuwa, wannan kam gaggawa ce, ranar za a kai ta. Mai farfaɗiya: a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali ko ruwan rubutu a baki, idan jijjigar ta wuce minti 5 a nufi asibiti.

Tambayar aljanu za ta taso, kuma kada a kauce mata. Matsayar da ta fi zama lafiya, wadda malami da likita za su iya tsayawa a kanta tare, ita ce a yi addu'a da ruƙiyya ta shari'a, a kuma kai asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. Hadisin Buhari ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin magani. Abin da ba za a lamunta ba shi ne duka, da ɗaurin mari, da hana abinci da sunan fitar da aljani. Kowa ya tuna abin da aka gano a 2019 lokacin da jami'an tsaro suka buɗe wasu gidajen mari a jihohin Kaduna da Katsina. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙoƙin masu wannan lalura. Malami ya kuma sani cewa magungunan ciwon damuwa sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, don haka kada ya ce wa kowa ya ajiye magani don ya ji sauƙi, kuma idan azumi ya zo a koma wurin likita ya tsara lokutan sha.

Batun kashe kai sai an yi masa gwaji na musamman, saboda harshe yana nauyi a kansa. Idan mutum ya ce ya gaji da duniya, ko gara ya mutu ya huta, a tambaye shi kai tsaye cikin taushi: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, masana sun tabbatar da haka, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Idan ya ce i, a tambaya ko ya tanadi abin da zai yi amfani da shi. Kada a bar shi shi kaɗai, a kira wani nasa da ya amince da shi, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da igiya da tarin ƙwayoyi daga gidan, a kai shi asibiti a ranar. Ya riga ya san haramun ne. Karanta masa azabar wanda ya kashe kansa a wannan lokaci rufe masa baki kawai zai yi. Kowane mahalarci ya furta tambayar nan da bakinsa a gwaji har ta daina yi masa nauyi.

Shaye-shaye ma nan ya shigo. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi, kuma a 2018 ɗin ne gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Wanda jikinsa ya saba da Tramadol ba ya iya yankewa dare ɗaya ba tare da ya galabaita ba, shi ya sa rantsuwa da Alƙur'ani a gaban liman kaɗai ba ta cika riƙe shi ba. Aikin malami shi ne ya sa iyaye su sassauta tsinuwa, ya riƙe yaron kusa da masallaci, ya haɗa shi da likita ko sashen ba da shawara na hukumar NDLEA.

Rikicin aure da rashin da aka yi

Wannan fagen malamai sun fi kowa sanin sa, gyara kaɗan ake buƙata. A ji kowane ɓangare shi kaɗai kafin a haɗa su, domin mace ba za ta yi magana a gaban miji da waliyyinta ba. A tambaye ta a keɓe ko ana dukanta, ko tana jin tsoron komawa. Idan akwai duka mai raunatawa ko barazanar kisa, tsira da rai ke gaba da sulhu, ta zauna gidan iyayenta har a ga canji na gaske. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ba da tsari, mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta, kuma a zaɓo masu hankali, ba masu zafin kai ba. Abin da ya shafi tabbatar da saki ko hul'i ko riƙon 'ya'ya idan an yi jayayya, na kotun shari'a ne. Fyaɗe kuwa ba a sulhunta shi a zaure. A kai yarinya ko yaron asibiti cikin sa'o'i 72, saboda maganin kariya daga cutar ƙanjamau a cikin wannan lokaci yake aiki. Cibiyar Nana Khadija da ke Asibitin Ƙwararru na Sakkwato don irin wannan aka buɗe ta.

Ga waɗanda suka yi rashi, ko suka tsero daga Rabah ko Goronyo ko Tangaza, ko aka karɓo su daga daji bayan biyan fansa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsarin taimakon farko a 2011 mai matakai uku: a duba, a saurara, a haɗa mutum da inda zai sami taimako. A duba ko ya ci abinci, ko yana da wurin kwana, ko akwai rauni. Kada a matsa masa ya ba da labarin abin da ya gani. In ya so zai faɗa. Kada a hana shi kuka. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, Annabi (SAW) kuma ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. A tuna wa malamai cewa bayan sadakar bakwai gida yakan yi tsit, mai takaba kuma tana da wata 4 da kwana 10 a gabanta. Ziyarar malama a wata na biyu ta fi ta ranar farko tasiri. Matar da aka sako daga hannun 'yan bindiga kuma tana buƙatar liman ya yi magana da mijinta da danginsa, don kada ta tsira daga daji ta tarar da ƙyama a gida.

Takardar turawa da abin da ke biyo bayan horo

Kafin zama na ƙarshe a ɗauki aji gaba ɗaya a mota a kai su Kware, nan kan hanyar Illela, da izinin hukumar asibitin. Su ga inda ake yankar kati, su gaisa da ma'aikata, su ga marasa lafiya da suka samu sauƙi suna jiran karɓar magani. Malamin da ya taka wurin da ƙafarsa ya fi iya lallashin iyalin da ke jin tsoron sunan garin ma. A dawo a haɗa takarda guda mai ɗauke da lambobin waya na aiki: wani ma'aikaci a Kware, asibitin da ya fi kusa, ofishin jin daɗin jama'a, Hisba, 'yan sanda, da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha saboda waɗanda kuɗin magani zai gagara. A kira kowace lamba a tabbatar tana shiga kafin a raba. Turawa kuma ba cewa "ku je asibiti" ba ce kawai. Malami ya kira, ya faɗi wanda ke zuwa, ya sa wani ya raka, bayan mako ya tambayi yadda aka yi.

Maƙwabtanmu Kirista da ke cikin gari, na Katolika da ECWA da sauran majami'u, makarantunsu na horar da fastoci sun daɗe da sa wannan fanni a cikin karatu, kuma matsalolin da ake kai musu su ne ake kawo wa limamai. Duk matakan nan za su yi wa fasto aiki idan ya sa nassosin addininsa a inda muka sa namu, kuma takardar lambobin nan babu abin da zai hana a yi amfani da ita tare.

Bayan an raba takardar shaida, a sa ranar haɗuwa sau ɗaya a wata, ko da na sa'a biyu ne, tare da ɗaya daga cikin masu koyarwa. Kowa ya kawo matsala ɗaya da ta ba shi wuya, ba suna, ba unguwa, ba wata alama da za a gane mai ita. A nan ne kuma za a tambayi malaman su kansu yadda suke. Wanda ya wuni yana jin labarin kisa da fyaɗe da yunwa, ya koma gida ga nasa cefanen da bai cika ba, shi ma yana ɗauke da kaya. Idan ya fara rasa barci, ko ya ga yana yi wa iyalinsa faɗa ba dalili, ko ya ji ba ya son ganin mai sallama, ya rage zama na ɗan lokaci ya miƙa wa abokin aikinsa, kuma kwamitin masallaci ya san da haka ya mara masa baya. Bayan wata 6 a duba littattafan nan da malamai ke rubutu a ciki da lamba a madadin suna, a ga mutum nawa aka tura asibiti da nawa suka isa, a gyara takardar waya inda ta tsufa. Daga cikin ajin a ware mutum biyu ko uku da suka fi iya sauraro, maza da mata, su zauna kusa da masu koyarwa idan za a ɗauki aji na gaba, su ne za su jagoranci gwajin uku-uku.